Gangaren Bakin Lofe

Gabatarwa

A kowace sana'a akwai wani ɗan aiki wanda mai saye ba ya tambaya a kansa, ba ya kuma ƙara ko kwabo saboda shi, amma in babu shi kayan ba sa ƙarko. A wurin tela shi ne kalmasar da ke ciki, a wurin baduku shi ne ɗinkin da ke ɓoye a ƙarƙashin takalmi. A wurin mai sassaƙa lofe kuwa, wato tukunyar taba, shi ne ɗan gangaren da ake yi wa bakin tukunyar ta ciki. Faɗinsa da kyar yake kai milimita 3, amma yana iya cinye wa mutum rabin yini. A kan wannan ɗan gangare nake so mu tattauna da mai karatu, domin a kansa ne na fara gane abin da ake nufi da gwaninta, a kansa ne kuma na sami amsar wata tambaya da ta dame ni game da sana'ar gidanmu.

Tun da farko ya kamata in faɗa cewa ni ba na shan taba, kuma ba kiran kowa nake yi ya sha ba. Zan dawo kan wannan magana a gaba.

Gidan da na fito

Ni Bayarabe ne daga wani ƙauye na ƙasar Oke-Ogun a Jihar Oyo, kusa da Iseyin. A bakin 'yan kasuwa na fara jin Hausa, kafin in zo jami'a in zaɓe ta. Yankinmu ya yi suna a kan saƙar aso-oke da kuma noman taba. Tun a shekarar 1937 aka buɗe masana'antar sigari a Ibadan, kafin a buɗe ta Zariya a 1959, kuma manoman ƙasarmu sun daɗe suna noma wa kamfani ganye. Amma tsofaffin ƙauye ba su damu da sigarin kwali ba. Nasu ganyen suke shanyawa, su murtsuke, su cusa a lofe. Yarabawa ikoko suke kiran lofe, ma'anarsa kuwa tukunya, kamar dai yadda Bahaushe ya ce tukunyar taba.

Kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Agba, masassaƙi ne. Turmi da taɓarya da ƙota da muciya da kujerar tsugunne su ne abincinsa. Lofe aikin gefe ne, sai wanda ya zo ya nema ake yi wa. Yawancin tukwanen taba na da can da yumɓu ake gina su, shi kuwa na itace yake yi, saboda ba sa fashewa in sun faɗi.

A shekarar 2022 malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, sai na koma gida. Na tarar yanar ido ta fara kama Baba Agba. Hannunsa na nan garau, amma ba ya iya ganin layin fensir a jikin itace. Wata safiya ya kira ni rumfarsa ya ce, "Ɗana, idona ya fara cin amanata. Zo ka ara mini naka." Haka muka raba aiki: ni in ja layi, shi ya yanka. Sai da muka yi wata 3 a haka kafin ya miƙo mini wuƙar.

Ɗan tarihin lofe

Asalin taba daga nahiyar Amurka take. Ta iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16, ta kuma bazu da sauri, har shahararren malamin nan na Tambutu, Ahmad Baba, ya yi rubutu a kan hukuncinta a 1607. Saboda haka ne masu haƙa don binciken tarihi suke amfani da fasassun tukwanen taba wajen ƙiyasta shekarun kufai: in aka sami lofe a wani rukunin ƙasa, to galibi wannan rukunin bai girmi shekarar 1600 da yawa ba.

A Turai ma da yumɓu aka fara. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 masu sana'ar garin Saint-Claude na ƙasar Faransa suka rungumi wani itace da ake kira biraya, wanda ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum kamar Italiya da Girka da Aljeriya. Wani dunƙule da ke tsakanin saiwarsa da gindinsa ake haƙowa, a yayyanka, a dafa na sa'o'i masu yawa don ruwan jikinsa ya fita, sannan a ajiye ya bushe na watanni ko shekaru. An zaɓe shi ne don yana da tauri kuma ba ya saurin kama wuta. Baba Agba bai taɓa ganin biraya ba, amma dalilin da ya sa ya zaɓi ƙirya ke nan. Itacen da ake sassaƙa turmi da shi, maƙera kuma suke neman gawayinsa, ai ba ƙaramin itace ba ne. Yakan yanka guntayensa ya jera a saman madafa, su shekara suna shan hayaƙi kafin ya taɓa su. Da mai biraya da mai ƙirya, duk abokin gabarsu ɗaya ne, wato wutar da ke cikin tukunyar, shi ya sa dabararsu a bakin tukunya ta zo ɗaya.

Amfanin gangaren

In aka huda ramin da ake zuba taba, bakinsa yakan fito da kaifi kamar bakin gwangwani. Baba Agba ya nuna mini illa 3 da ke tattare da barin sa haka.

Ta farko ita ce wuta. Kowa ya san tsinke yana riga gungume kamawa. Kaifin bakin nan siriri ne, kullum aka ƙyasta ashana shi harshen wuta ke fara lasa. Yau ya yi baƙi, gobe ya zama gawayi, jibi ya marmashe, a hankali ramin ya yi ta faɗi ta gefe ɗaya. In aka zaftare kaifin aka mai da shi gangare, wuta ba ta samun abin kamawa.

Ta biyu ita ce duka. Mai shan lofe in ya gama yakan kife shi ya ƙwanƙwasa a dugadugansa ko a jikin kujera don toka ta fita. Baki mai kaifi yakan ɓantare, daga wurin ɓantarewar kuma tsaga take bin jijiyar itace ta gangara ƙasa. Tukwanen taban da mutane suka saya a wasu wurare suka kawo masa gyara, kusan duk daga baki suka fara lalacewa.

Ta uku ita ce sauƙin cikawa. Gangaren yana aiki kamar mazurari, taba ta zame ta faɗa ciki, babban yatsa kuma ya danna ba tare da ya karce ba. Bayan waɗannan akwai kyau, don baki mai gangare yana kama haske, ya sa tukunyar ta fito da fasali. Amma a wurin Baba Agba kyau ribar ƙafa ce kawai.

Yadda ake yin sa

Faɗin ramin yakan kai kimanin milimita 20, kaurin bangonsa kuma ba a so ya gaza milimita 6 ko 7, domin gangaren daga jikin bangon zai ci. Kafin a taɓa wuƙa sai an daidaita saman tukunyar. Akan shimfiɗa samfefa a kan gilashin taga, a shafe saman da fensir gaba ɗaya, a kife tukunyar a yi ta murzawa a kewaye. In fensirin ya goge ko'ina, sama ya daidaita. In wani wuri ya rage baƙi, to akwai kwari a nan. Wanda ya tsallake wannan mataki, duk ƙoƙarinsa gangarensa zai fito da faɗi a gefe ɗaya, siriri a ɗaya gefen. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Daga nan sai jan layi, aikin da aka fara ba ni. Akan riƙe fensir, a sa yatsan tsakiya cikin ramin ya zama jagora, sannan a juya tukunyar, hannu yana tsaye wuri ɗaya. Layi zai fito a kewaye da ramin, nisan milimita 2 zuwa 3 daga baki. Sai a ja na biyu a cikin bangon ramin. In nisan layukan biyu daga baki ɗaya ne, gangaren zai tsaya a digiri 45. In ana so ya kwanta, sai a matsar da layin sama waje kaɗan.

Yankan shi ne wurin da ake gane gwani. Itace yana da jijiya, wato hanyar da zarensa ya bi. In wuƙa ta bi jijiyar, itacen yakan fita sumul kamar ana feraye doya. In ta yi gaba da ita, sai ta tono, ta ɓalle fiye da abin da aka nufa. To, da yake bakin zagaye ne, kuma Baba Agba a kwance yake huda itacensa, ba zai yiwu a kewaye shi da yanka ɗaya ba. Sai a raba shi kashi 4, a kowane kashi a bi ta inda wuƙa ke gangarawa, a juya hannu in an shiga na gaba. Kaɗan-kaɗan ake ɗauka, ba a kuma kai wa layin fensir. Baba Agba yakan ce layin iyakar gona ce, wuƙa ta tsaya a nesa, samfefa ce za ta ƙarasa.

Don gogewa yana da wata ƙwallon katako da ta ɗan fi ramin girma. Akan ɗora mata ƙyallen samfefa, a dafa ta a bakin ramin, a riƙa murza tukunyar. Da yake ƙwallon zagayayya ce, tana cin ko'ina daidai. Duk da haka hannun mutum ba ya adalci, kullum yana da gefen da ya fi dannawa. Maganin wannan shi ne a ƙirga: murza 5, a saki, a juya tukunyar rubu'in kewaye, a sake kamawa, a sake murza 5. In ba a yi haka ba ramin zai koma siffar ƙwai, kuma babu abin da zai dawo da shi.

Samfefa lamba-lamba ce, kuma iya girman lambar iya laushinta. Da lamba 150 ake fitar da siffa, sannan a bi da 220, da 320, da 400, a rufe da 600. Aikin kowace lamba shi ne ta goge karcen da ta gabanta ta bari. Mai gaggawa yakan tashi daga 150 ya faɗa 400, ya ga itace ya yi sheƙi ya ɗauka ya gama. Ranar da aka shafa mai sai tsofaffin karcen su fito fili kamar zanen fuska. Tsakanin lambobin ƙarshe akan shafa ɗan jiƙaƙƙen tsumma, ƙananan zaren itacen su miƙe, a bari ya bushe, a sake gogewa.

Kafin zuwan samfefa, masassaƙan ƙasarmu da ganyen wani irin ɓaure suke guga, wanda muke kira ewe ipin, masana tsirrai kuma suke kira Ficus exasperata. Bayansa yana da kaushi kamar harshen kyanwa, kuma da shi iyayenmu mata suke wanke tukwane da ƙore. Har a lokacin da nake ba da labari, Baba Agba bai yarda aiki ya ƙare ba sai ya bi shi da wannan ganye. Bayan haka akan ɗan shafi gefuna biyu na gangaren, na sama da na ƙasa, shafa ɗaya tak, don a kashe musu kaifi ba tare da an ɓatar da layinsu ba. Gwajin ƙarshe iri biyu ne. Ni ina ɗaga tukunyar ga hasken la'asar in ga ko inuwar ta kewaye daidai. Shi kuwa babban yatsansa yake zagayawa da shi a kai, kuma sau da yawa yatsan ya ji abin da idona bai gani ba. Sai a shafa man kaɗanya a waje, a goge da tsumma. Masu biraya kakin wani kwakwa na ƙasar Barazil suke sawa a maimakonsa. Cikin ramin kuwa ba ma sa masa komai.

Aikin da ba a ƙari

Babban abin da na lura da shi shi ne, mai ginin tukunya in yumɓunsa ya gaza yana iya ƙarawa, tela in ya rage yadi yana iya yin maho, amma masassaƙi ragewa kawai yake yi. Abin da wuƙa ta ɗauke ya tafi ke nan. Saboda haka rabin gwanintar sanin inda za a tsaya ne. A bayan rumfar akwai wani kwando da Baba Agba yake jefa duk lofen da bakinsa bai yi masa ba, ko da kuwa saura ya yi kyau. In ya taru sai a kai madafa a hura wuta da shi.

Wata rana na ce masa, "Baba, tun da mai saye ba ya dubawa, kuma kuɗin ɗaya ne, me ya sa muke ɓata rabin yini a nan?" Bai ɗago kai ba ya ce, "Yau ba ya dubawa. Bayan shekara biyu in bakin ya cinye zai duba, kuma sunana zai kira, ba na itacen ba."

Tambayar da ta dame ni

Yanzu bari in koma ga alkawarin da na yi a farko. Baba Agba kansa ya daɗe da daina shan taba, tun bayan wani tari da ya kwantar da shi damina guda. Abokansa da yake yi wa lofe yawancinsu sun rasu, wasunsu da ciwon ƙirji. A wata 8 da na yi a gida, mutum 5 kawai suka zo neman sabo, kuma babu matashi a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara. Masu ganin lofe ya fi sigari sauƙi su sani cewa hayaƙinsa ma yana jawo ciwon daji na leɓe da harshe da maƙogwaro da huhu. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma kafa dokarta a 2015, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a.

Mahaifiyata ba ta ɓoye damuwarta ba. Ta ce karatu aka tura ni, ba a tura ni in gaji ƙera wa mutane hanyar ciwo ba. Maganarta ta tsaya mini a rai. Shin aiki mai kyau a kan abu mai cutarwa yana nan a matsayin aiki mai kyau? In na ce zan raya sana'ar kakana, me nake rayawa? In kuma na juya baya, duk abin da ke cikin yatsan nan nasa zai bi shi kabari, don babu wani jikansa da ya zauna a rumfar in ba ni ba.

Amsar ta zo ne daga wani makaɗi. Ya kawo kwangon gangan, wato irin kalangun Yarabawa, yana kukan cewa duk fatar da ya ɗaura sai ta tsage a baki. Baba Agba ya shafa bakin kwangon da yatsa, ya miƙo mini, ya ce in faɗa masa ciwon. Na shafa na ji kaifi a gefe ɗaya. Abin da muka yi masa bai bambanta da na lofe ba: a daidaita sama, a ja layi, a bi jijiya, a goge lamba bayan lamba, sai dai wannan karon ta waje aka kwantar da bakin, inda fata ke hawa. Daga ranar na fara ganin gangaren ko'ina a gidanmu. Yana bakin turmi, don kada taɓarya ta ɓantare shi. Yana gefen muciya, don kada ta karce tukunya. Yana kujerar da kakata take zama, don kada ta ci mata zane. Ashe lofe makaranta ce kawai. Shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kayan rumfar, kuma wuta ce take yi masa jarrabawa, saboda haka wanda ya iya bakinsa zai iya bakin komai.

A nan na tsayar da shawara. Ba zan sassaƙa lofe don sayarwa ba, kuma in kasuwarsa ta mutu ba zan yi kuka ba. Guda ɗaya na yi wa kaina da ƙirya, ba a taɓa zuba masa taba ba, ba kuma za a zuba ba. Na gaya wa Baba Agba haka ina ɗar-ɗar, sai ya yi dariya ya ce, "Ni ma ai turmi ne ya aurar da 'ya'yana." Duk hutu ina komawa rumfar, muna yin turmi da muciya da kwangon kiɗa, ni ina ja masa layi, shi yana gyara mini hannu.

Kammalawa

Abin da nake tsoro shi ne mu haɗa kaya da ilimin yin sa mu zubar tare. Roba da ƙarfe sun riga sun kori kayan itace da yawa daga gidajenmu, wasu kayan kuma, irin su lofe, gara ma su tafi. Amma sanin yadda itace ke amsa wuƙa, da sanin inda ake tsayawa, ba su da laifin komai, kuma a yatsun tsofaffi kawai suke, babu su a littafi.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu shirin rubuta kundi a kan sana'o'in gargajiya, kada mu tsaya ga jera sunayen kayan aiki, mu ce ga gizago ga magagari, mu rufe babi. Mu zauna a rumfar har sai mun ga wurin da mai sana'a ya rage sauri ya yi shiru. Mu tambaye shi dalili, mu roƙe shi ya ba mu mu gwada, domin gani ya kori ji. Hutu na nan tafe, kuma tsofaffin ba za su jira mu har abada ba. Allah ya ƙara wa iyayenmu da kakanninmu lafiya, ya sa mu amfana da abin da suka sani.